Guzurin Neman Ilimi: Ɗan Nijar da Digirin Dokta tun daga Zamanin Ponti

A shekarar 1967 ne Abdu Mumuni Joffo, haifaffen Tasawa, ya tsaya gaban malaman jami'ar Paris ya gabatar da kundin bincikensa a fannin kimiyyar fizik, aka ba shi digirin dokta na ƙasa, wanda shi ne ƙololuwar shaidar ilimi a tsarin Faransa na wancan zamani. A lokacin ya doshi shekara 40 a duniya. Shekara 11 ke nan da ya ci jarrabawar agiregashon, inda ake lissafa shi ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci ta a fannin fizik. Tsakanin waɗannan shaidu biyu ya koyar a Dakar da Konakiri, ya yi shekara biyu a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin bincike a Bamako. Mutum mai irin wannan kaifin basira ba ƙwaƙwalwa ce ta jinkirta shi ba. Hanyar ce mai nisa, kuma kowane zango nata da mai tsaronsa: akwai mai buɗe ƙofar jami'a, akwai malamin da zai yarda ya ɗauki ɗalibi, akwai kuma mai riƙe da jakar kuɗi. Na ƙarshen nan ba a cika rubuta sunansa a bangon kundi ba, amma a tarihin masanan Nijar shi ne ya fi kowa yanke hukunci.

Kafin yaƙin duniya na biyu, maganar digirin dokta ga ɗan Nijar ba ta ma taso ba. Turawan mulkin mallaka sun yi wa karatun ɗan Afirka rufi, rufin kuwa shi ne makarantar Wiliyam Ponti ta ƙasar Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mayar da ita Sebikotan a ƙarshen shekarun 1930. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari a Damagaram ko Tawa ko Dosso, idan ya tsallake makarantar Yamai, can ake tura shi. Ya fito malamin makaranta ko akawun kwamanda, ko ya wuce makarantar likitoci ta Dakar ya zama mataimakin likita. Takardar Ponti ba ta kai bakaloriya ba, kuma ba kuskure aka yi ba: wanda ba shi da bakaloriya ba shi da hanyar shiga kowace jami'a ta Faransa. Bubu Hama, malamin makaranta na farko da Nijar ta samu daga Ponti a 1929, da Jori Hamani da Jibo Bakari, duk ƙarƙashin wannan rufin suka tashi.

Abin mamaki, an sa waɗannan samari yin bincike. Kowane ɗalibin Ponti yakan koma gida hutu ya rubuta kundi a kan al'adun mutanensa, aure ne, ko abinci, ko wasanni, ko sarauta. Kundayen suna ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin kayan tarihin duniya da ya wajaba a adana. Aikin bincike ne sosai, sai dai babu digirin da ya biyo bayansa. Masu digirin su ne Turawan da ke zuwa daga Paris su tattara irin waɗannan bayanai su koma da su gida. Bubu Hama ya rubuta littattafai masu yawan gaske a kan tarihin Songai da Zabarma da Gobir, amma a shekarun da ya kamata a ce yana zaune a ajin jami'a, yana tsaye ne gaban allo yana koya wa yara baƙaƙen Faransanci.

Shekarar 1946 ce ta tsaga rufin. A cikinta aka zartar da dokar Lamin Gey da ta ba mutanen ƙasashen mallaka matsayin ƴan ƙasa, aka kafa asusun FIDES na raya ƙasashen ƙetare, aka kuma kafa majalisun yankuna masu ta cewa a kan kasafin kuɗi. Daga nan ne tallafin karatu ya shigo rayuwar ƴan makaranta, abin da suke kira da sunansa na Faransanci, burs. Yadda ake neman sa a wancan lokaci yana da kyau a sani, domin ƙashin bayan tsarin bai canza ƙwarai ba. Ɗalibi yakan haɗa dosiye: takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, shaidar likita, shaidar cewa iyaye ba su da hali. Wani kwamiti a babban birnin yanki, wanda jami'an gwamna suka fi rinjaye a cikinsa, shi ke zaɓe. Tallafin na wani fanni ne takamaimai, a wani gari takamaimai, na shekara guda. Sai an ci jarrabawa a sabunta shi. A madadin haka ɗalibi yakan sa hannu a kan alƙawarin yi wa gwamnati aiki shekara goma. Hukuma ta fi son karatu gajere mai amfanin nan take, na malanta ko kiwon lafiya ko aikin gona. Wanda ya ce zai zarce bincike mai zurfi yana neman abin da ba a yi masa tanadi ba.

Ta wannan ƴar ƙofa Abdu Mumuni ya bi. An haife shi ranar 26 ga Yunin 1929, ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, ya shiga Ponti, sannan ya samu abin da na gabansa ba su samu ba, wato wucewa lise Van Vollenhoven ta Dakar domin bakaloriya. Daga can sai lise Saint-Louis a Paris, sai jami'ar Sorbon: lisans a 1953, shaidar zurfafa karatu a 1954, agiregashon a 1956. Ba littafi kaɗai ya riƙe a Paris ba. Yana cikin waɗanda suka assasa FEANF, tarayyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda aka kafa a 1950. Kukan farko na wannan ƙungiya na ciki ne da makwanci: tallafi da ke makara, kuɗin da ba ya isa sanyin hunturu, masu gidaje da ke ƙin ba baƙar fata haya. Ba a ɗauki shekaru da yawa ba kukan ya koma na neman ƴancin kai. Hukuma ma ta gane cewa igiyar da take ciyar da ɗalibi da ita tana iya ɗaure shi: wanda ya cika surutun siyasa ana iya yanke masa tallafi a sa shi a jirgin ruwa zuwa gida. Gwamnatocin Afirka da suka karɓi mulki a 1960 sun gaji wannan dabara, ba su kuma bar ta ta yi tsatsa ba.

Shi kansa digirin dokta na Faransa, shigarsa ba ta jarrabawa ba ce. Ɗalibi ne zai nemi wani farfesa ya yarda ya zama jagoransa, a rubuta sunan batun bincike a ƙarƙashin sunan malamin, sannan jami'a ta yi rajista. Idan an gama rubutu, sai malamin ya haɗa kwamitin alƙalai da za su saurari kundin. Ke nan mutum guda yana iya buɗe hanya, shirun mutane kaɗan kuma yana iya rufe ta. Digirin dokta na ƙasa a fannin adabi da tarihi yakan ci shekara goma ko fiye, kuma har ƙarshen shekarun 1960 kundi biyu ake nema, babba da ƙarami. Labarin Shaikh Anta Jop na Senegal ya isa misali. Ya rubuta kundinsa a kan asalin wayewar Masar ta dā da dangantakarta da baƙar fata, amma a 1954 ba a samu haɗa alƙalan da za su saurare shi ba. Sai kamfanin Présence Africaine ya buga aikin a matsayin littafi a wannan shekarar. Bai samu tsayawa gaban alƙalan Sorbon ba sai ranar 9 ga Janairun 1960, da wani aikin daban, kuma sakamakon da aka ba shi bai kai matakin da ke buɗe kujerar koyarwa a jami'a ba. Sai a 1981 ya zama farfesan tarihi a jami'ar Dakar, wadda yau take ɗauke da sunansa. Duk ɗalibin Afirka da ke Paris a lokacin ya ɗauki darasi: zaɓen batu da zaɓen malami ba ƙaramar siyasa ba ce.

A ranar 28 ga Satumban 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardamar janar De Gol. Gine ta ce a'a, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da taimakonta, wasu ƴan bokon Afirka kuma suka ajiye ayyukansu suka tafi Konakiri cike gurbi. Abdu Mumuni yana cikinsu, tare da masanin tarihi Jozef Ki-Zerbo. Wanda ya yi haka ya san ya juya wa jakar Faransa baya. A Nijar kuwa jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ita ma ta yi kiran a ce a'a, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959. Shugabanninta da ke gudun hijira suka samo wa matasa da dama guraben karatu a ƙasashen gabashin Turai da Tarayyar Sobiyet, inda aka buɗe jami'ar ƙawancen al'ummomi a Mosko a 1960, aka sa mata sunan Lumumba a shekarar da ta biyo. Jaka ta biyu ta bayyana ke nan, amma tana da tsadarta. Wanda ya ci guzurin Sawaba, a zamanin Jori, dawowarsa gida tana iya ƙarewa a ofishin ƴan sanda maimakon ofishin ɗaukar ma'aikata.

Abdu Mumuni ma gabas ya nufa. Daga 1962 zuwa 1964 cibiyar kimiyya ta Tarayyar Sobiyet ce ta ɗauki nauyinsa, a can ya zurfafa a kan makamashin hasken rana, fannin da ya zama aikin rayuwarsa. A 1964 ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya soki makarantar mulkin mallaka ya kuma yi kiran a koyar da yara da harsunansu. A wannan shekarar ya sauka Bamako ta Modibo Keita ya kafa ɗakin binciken hasken rana. Amma da aka zo ga digirin, Paris ya koma. Guzurin Mosko, ɗakin binciken Bamako, tambarin Sorbon: sai da ya haɗa ƙasashe uku kafin ya cika abin da ɗan Faransa ke cikawa a unguwa guda. Nijar ba ta same shi ba sai a 1969, lokacin da ya karɓi jagorancin ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana, wanda ya riƙe har 1985.

Ƙasar da ya komo cikinta ta samu ƴancin kai a 1960 alhali yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma ba ta da jami'a. Mai bakaloriya sai ya tafi Dakar, wadda ta zama jami'a a 1957, ko Abijan, ko Faransa, da tallafin gwamnatin Nijar ko na asusun FAC da Faransa ta kafa a 1959. Abin da ya sauƙaƙa wa wannan zubi na biyu shi ne wani ƙaramin digiri da Faransa ta ƙirƙiro, dokta na zagaye na uku, a 1954 ga fannonin kimiyya, a 1958 ga adabi da ilimin ɗan Adam. Shi ana iya gama shi cikin shekara biyu ko uku, tsawon da tallafi ke iya ɗauka. Ta wannan hanya ce tarihin ƙasar Hausa ta Nijar ya fara fitowa daga alƙalamin ƴaƴanta. Andre Salifu, ɗan Damagaram, ya yi karatunsa a Tuluz, kuma a 1971 aka buga aikinsa a kan daular Damagaram a ƙarni na 19. A 1975 aka buga na Jibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa. Dukkansu sun fito ne a jerin littattafan Etudes nigériennes na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Yamai.

A nan akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Kayan aikin waɗannan kundaye suna gida: bakin tsofaffin fadar Damagaram, marokan Adar, takardun ajami da na Larabci a hannun malamai. Amma wani kaso mai yawa na takardun mulkin mallaka yana Dakar da Faransa, malamin jagora yana Faransa, alƙalan ma suna can. Ɗalibi yana buƙatar kuɗin zama a Turai domin karatu, yana kuma buƙatar kuɗin komowa gida domin yawon tattara bayanai, alhali tallafin na zama ne kawai. Da yawa sun yi binciken ne suna koyarwa a lise, su ci hutunsu a ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, su aika wa malami babi ta gidan waya su jira amsa wata da watanni. Sannan sai a je a shawo kan alƙalan da ba su taɓa jin sunan Tanimun ko Agabba ba cewa maganar baka hujja ce a tarihi. Wanda ya gama wannan kuma bai gama ba, domin babban digirin yana gaba. Jibo Hamani bai fitar da littafinsa a kan sarautar Abzin, wanda ya samo asali daga kundin dokta na ƙasa, sai a 1989, shekara 14 bayan na Adar.

Shugabannin Afirka masu amfani da Faransanci sun ga matsalar. A Janairun 1968, a birnin Yamai, taron ƙungiyar OCAM ya amince da kafa CAMES, majalisar kula da ilimi mai zurfi, aka ba ta mazauni a Wagadugu, Ki-Zerbo ya zama babban sakatarenta na farko. A 1972 aka rattaba hannu a Lome a kan yarjejeniyar daidaita takardun shaida. Daidaitawar nan ita ce ciwon kan waɗanda suka yi karatu a wajen Faransa. Mai digirin Sobiyet ko na Masar ko na Amurka yakan dawo ya tarar takardarsa tana jiran wani kwamiti ya faɗi nauyinta a ma'aunin Paris. Da Faransa ta soke tsarin digiri biyu a 1984 ta koma ga dokta guda, jami'o'in Afirka da dama sun ci gaba da riƙe dokta na ƙasa shekaru masu yawa, har ya zama ana neman malami ya kawo takardar da ƙasar da ta ƙirƙiro ta ta daina bayarwa.

A 1971 Nijar ta buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai ƙarƙashin masanin lissafi Bubakar Ba, ta zama jami'a a 1973. A shekarar 1971 ɗin ce kuma aka fara fitar da uraniyom a Arlit. Ƙarshen shekarun 1970 shi ne lokacin da jakar gwamnatin Nijar ta fi nauyi: kusan duk mai bakaloriya yana samun tallafi, kuma ana tura mataimakan malaman jami'a waje su yi dokta da albashinsu da guzurinsu, domin a maye gurbin malaman Faransa da ke cike da azuzuwa. Ma'aikacin gwamnati yana neman izinin tafiya horo daga ma'aikatarsa, izinin da minista ke iya bayarwa ko ya hana ba tare da faɗin dalili ba. A waɗannan shekaru ne Abdu Mumuni ya shugabanci jami'ar, daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasa ta shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya a 1983, Bankin Duniya kuma a rahotanninsa na wancan lokaci yana cewa kuɗin ilimi a Afirka ya fi riba a makarantar firamare, a rage abin da ake kashewa a jami'a da tallafin ɗalibai. Lissafin yana da tasa gaskiyar a ƙasar da yawancin yara ba su taɓa shiga aji ba. Abin da bai amsa ba shi ne wa zai horar da malaman da za su horar da malaman firamaren. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗaliban ƙungiyar USN suka fito zanga-zangar ƙin waɗannan matakai, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kenedi, ɗalibai uku suka mutu. Wannan jini ne ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991, wanda Andre Salifu ya shugabanta. Abdu Mumuni bai ga taron ba. Ya rasu ranar 7 ga Afrilun 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Shekarun da suka biyo na bashin tallafi ne da yajin aiki da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum. Sai kuma Janairun 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Uban da ke aika wa ɗansa jikka 100 ya karɓi faran 2,000 na Faransa, ya wayi gari jikka 100 ɗin faran 1,000 ce. Kundaye da yawa sun tsaya a tsakiya a wannan shekara.

Da jakar gwamnati ta yi sauƙi, sai masu nema suka bazu. Wasu suka nufi Amurka, musamman a ilimin harsuna: Mahaman Lawali Abdullahi ya yi dokta a kan nahawun Hausa a Bafalo a 1992, tagwaye Usaina da Hasana Alidu suka gama nasu a 1997, ɗaya a Indiyana, ɗaya a Ilinoyi. Masu karatun Larabci suna da jami'ar Musulunci ta Say tun 1986, suna da Azhar da Madina da Khartum. Ƴan Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa sun daɗe da gano cewa Kano da Zariya da Sakkwato sun fi Paris kusa, kuma ana zuwa da kuɗin aljihu a mota. Faransa ma ta sauya salo. A 1994 ta fito da tsarin jagoranci biyu, malami guda a gida, guda a can, ɗalibi ya riƙa yin ƴan watanni a Turai yana komowa. Ya fi araha ga mai bayarwa, kuma yana rage yawan masu tafiya su ƙi dawowa, abin da ya daɗe yana ci wa kowa tuwo a ƙwarya.

A 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su koma tsarin LMD, lisans da mastar da dokta, kuma a ƙarƙashinsa jami'ar Abdu Mumuni ta kafa makarantun dokta nata. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda daga baya suka ɗauki sunayen Ɗan Dikko Ɗankulodo da Andre Salifu da Jibo Hamani, mutane uku da dukkansu sai da suka ƙetare teku kafin su samu digirin. Ƙofa da malami sun iso gida. Jakar ce ba ta iso ba. Kuɗin gwaji a ɗakin bincike, da na yawon tattara bayanai, da na buga maƙala, galibi daga ayyukan haɗin gwiwa da ƙasashen waje suke fitowa, kuma mai bayarwa shi ke shata batun: sauyin yanayi, ƙaura, tsaro, yawan haihuwa. Batutuwa ne masu muhimmanci, amma mai son nazarin waƙoƙin fadar Gobir ko rubutun ajami sai ya nemi dabarar rataya aikinsa a jikin ɗayansu. Shirin WASCAL, da kuɗin gwamnatin Jamus, ya kawo karatun sauyin yanayi da makamashi a jami'ar Yamai, da harshen Ingilishi, ga ɗaliban Afirka ta yamma. Fannin Abdu Mumuni ne, a jami'ar da ke ɗauke da sunansa, kuma guzurin daga waje, kamar nasa.

Ga mai neman fita, takardu sun koma intanet amma zagayen yana nan. Mai ba da tallafi yana son ganin takardar karɓa daga jami'a; jami'a tana son wasiƙar malamin da ya yarda; malami yana son sanin wa zai biya kafin ya yarda; ofishin biza yana son ganin duka ukun. A shekarun 2010 Faransa tana neman ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 a wata, sama da jikka 400, kuɗin da ya fi albashin yawancin ma'aikatan gwamnatin Nijar. A 2019 ta ɗaga kuɗin rajistar ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2,770 ga lisans da 3,770 ga mastar. An keɓe dokta daga ƙarin, kuma jami'o'i da dama sun yafe shi, amma mastar ita ce zauren da ake bi a shiga dokta.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ta kuma tsayar da tallafin haɗin gwiwa ga Nijar da Mali da Burkina Faso. Akwai ɗaliban da a lokacin suke riƙe da takardar karɓa da wasiƙar malami da alƙawarin tallafi, abubuwa ukun da aka shafe shekara ana haɗawa, sai na huɗun ya gagara. A Janairun 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai, masu nema suka ƙara karkata ga Aljeriya da Maroko da Turkiyya da Rasha da Sin. A Maris ɗin 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a Yamai aka aza tubalinta a 1970, kuma a wannan watan kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, shekara 61 bayan littafin Abdu Mumuni. Ɗan Nijar da ke son rubuta kundin dokta da harshen Hausa kuwa, hanyar da aka saba bi ita ce ta Ɗan Isa ko ta Birnin Ƙonni, zuwa sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, inda ake biyan kuɗin rajista da naira.